Darasin Fiƙihu: Sau Nawa Ya Kamata Musulmi Ya Yi Wanka?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin talikai, wanda Ya halitta ruwa Ya sanya shi abin sha da abin tsarki ga bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata mas'ala wadda mutane ke ganin ƙarama ce, har wasu na jin kunyar tambayar ta a gaban malamai, alhali kuwa tana haddasa rigima a cikin gidaje, tana taɓa lafiyar ƴaƴanmu, tana kuma taɓa ingancin sallarmu. A nan ƙasarmu ta Madawa da Buza da Keita mutane sun kasu a kanta. Akwai wanda ya dawo daga ci-rani a Abijan ko Legas, ya saba da pampo a cikin ɗaki, yana cewa duk wanda bai yi wanka sau uku a yini ba ƙazami ne. Akwai kuma wanda da zarar hunturu ya kama a watan Disamba sai ya yi sallama da ruwa har sai iska ta sake, yana cewa ai alwala ta wadatar. Kowanensu kuwa idan ka matsa masa sai ya jingina da addini. To, bari mu ga abin da addinin ya faɗa.

Wankan ibada da wankan al'ada

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, wanka iri biyu ne. Akwai wankan ibada, wanda shari'a ta rataya shi ga sababi, ba ga lissafin kwanaki ba. A mazhabarmu ta Imamu Malik, kamar yadda muka karanta tun muna yara a cikin Ahalari da Ishmawi da Risala, wanka yana wajaba saboda fitar maniyyi da jin daɗi na al'ada, a barci ko a farke, da saduwar miji da mata ko da babu abin da ya fita, da yankewar jinin haila, da yankewar jinin biƙi. Wannan wanka ba a tambayar sau nawa ake yin sa. Duk lokacin da sababinsa ya samu ya wajaba, kuma salla ba ta inganta sai da shi ko da abin da ke tsayawa a matsayinsa. Farillansa su ne niyya, da game jiki duka da ruwa, da cuɗawa, da tsettsefe gashi, da jerantawa.

A nan akwai kuskuren da ya yawaita tun da sabulu ya shiga kowane gida. Mutum ya shiga makewayi da janaba, ya shafe jikinsa da kumfa, ya watsa ruwa ya fito, yana zaton ya haɗa wanka biyu a ɗaya. Malamanmu sun sharɗanta cewa ruwan tsarki ya zama bai jirkita ba a launi ko ɗanɗano ko ƙamshi da wani abin da ba ya tare da shi bisa al'ada, sabulu kuwa yana jirkita shi. Saboda haka sai ka fara da sabulu da soso, ka ɗauraye sarai, sa'an nan ka ɗaura niyya ka yi wankan tsarki da ruwa zalla. Amma ruwan da ya jirkita saboda mazauninsa, kamar jan ruwan damina mai laka ko ruwan rijiya mai ɗanɗanon kanwa, wannan mai tsarkakewa ne, kada wani ya sa maka shakka a kansa.

Na biyu shi ne wankan al'ada, wato na kawar da dauɗa da zufa da wari, kuma a kansa ne tambayar take.

Iyakar da ba a wucewa

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya sanya shi haƙƙi a kan kowane musulmi ya wanke kansa da jikinsa sau ɗaya a cikin kowane kwana bakwai. Malamai sun fassara wannan yini da ranar Juma'a, kuma wankan Juma'a sunna ce mai ƙarfi a wurin Malikawa, da sharaɗin ya haɗu da tafiya masallaci. Wanda ya yi wanka da asuba ya tafi gona ko kasuwa har rana ta take, bai samu wannan sunna ba sai ya sake. Ƙarfin wannan sunna ya kai ga cewa Sayyidina Umar (R.A.), yana kan mumbari, ya yanke huɗubarsa ya yi wa Sayyidina Usman (R.A.) faɗa a gaban jama'a, da ya ji cewa alwala kaɗai ya yi ya taho.

To amma me ya sa aka shar'anta shi? Nana A'isha (R.A.) ta ba da labarin cewa mutane suna zuwa Juma'a daga ƙauyukan gefen Madina, cikin rigunan gashi, ƙura ta rufe su, zufa na zuba, har wari yana tashi daga gare su, sai Annabi (S.A.W.) ya kwaɗaitar da su yin wanka saboda wannan yini. Ibnu Abbas (R.A.) ya ƙara bayani cewa masallacin a wancan lokaci ƙunci gare shi, rufinsa kuma ƙasa-ƙasa, mutanen kuwa maƙwadata ne masu aikin ƙarfi. Duk wanda ya taɓa yin sallar Juma'a a ƙarƙashin rufin kwano a watan Afirilu ko Mayu, lokacin da zafi ke wuce awo 40, bayan mutane sun taho a ƙasa ko a kan amalanke daga ƙauyukan kewaye, ba ya bukatar wani ya yi masa sharhin wannan hadisi.

Haka kuma an hana wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa ya kusanci masallaci, domin mala'iku suna cutuwa da abin da ƴan'adam ke cutuwa da shi. Mu kuwa mutanen kwarin Tarka da na Maggiya, albasa ita ce arzikinmu, da ita ake aure da ita ake biyan bashi. Ba a hana noman ta ba, ba a kuma hana cin ta ba. Amma wanda ya yini a cikin rudun albasa yana tsince ruɓaɓɓu, ko yana loda buhuna a mota, sa'an nan ya shigo sahu da rigar aikinsa, ya sani hukuncinsa bai yi nisa da na wanda ya ci ta ba.

Abin da muke fahimta daga waɗannan nassoshi shi ne, kwana bakwai iyaka ce ta ƙarshe, ba ita ce abin nema ba. Dalilin hukuncin shi ne kawar da cuta daga mutane. Idan warin jikinka zai cuci na kusa da kai a sahu, ko matarka a shimfiɗa, bayan yini ɗaya, to wanka ya kama ka bayan yini ɗaya. Manomi a lokacin noma, da maƙeri, da mahauci, da mai faskare, da ɗan kabu-kabu, waɗannan a ganina wankan kullum ne ya dace da su matuƙar ruwa ya samu, kuma ya fi kyau ya zama da marece bayan tashi daga aiki. Tsoho kuwa mai zaman gida a lokacin sanyi, idan ya yi sau biyu ko uku a mako, yana kuma wanke hammata da matse-matsi da tsakanin yatsun ƙafa kowace rana, babu wanda ya isa ya zarge shi. Likitocin fata ma ba su yanke wani adadi ɗaya ga kowa da kowa ba. Sun ce yawan dirzar jiki da sabulu mai ƙarfi da ruwa mai zafi sosai yana cire maiƙon fata, ya bar ta da kaushi da ƙaiƙayi da tsagewa, musamman a busasshiyar iska irin ta hunturunmu. Don haka wanda ya yi wanka a sanyi ya bi jikinsa da man kaɗe ko wani mai.

Lissafin ruwa

Yanzu sai mu zo inda maganar take da nauyi. Wanda ke zaune a kwari, inda ake tarar da ruwa kusa, ba daidai yake da mutumin ƙauyen da ke kan dutse ba, inda rijiya ke da zurfi, take kuma ƙafewa a bazara, mata da yara su fita tun duhun asuba da jakai da biduna, wani lokaci ba su dawo ba sai hantsi ya ɗaga. Idan ka ce wa irin wannan gida kowa ya yi wanka kullum, sai su tambaye ka da wane ruwa.

Amsar tana cikin sunna. Anas (R.A.) ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. Sa'i mudu huɗu ne na mudun Annabi, shi ne wanda muke auna zakkar kono da shi, kuma a awon zamani bai wuce kimanin lita 3 ba, wato kusan cikin tiya guda. Da wannan ɗan ruwa mafi tsarkin halitta yake game jikinsa duka, alhali gashin kansa mai yawa ne. Bido mai lita 25 ke nan zai ishi mutum takwas wanka irin na sunna. Shehu Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, ya bayyana a cikin Risala cewa ƙaranta ruwa tare da kyautata wankewa sunna ne, ɓarna da shi kuwa wuce iyaka ne kuma bidi'a. Sirrin abin shi ne cuɗawa: ka jiƙa hannu ka bi jiki gaɓa gaɓa, ka zuba kaɗan kaɗan da moɗa ko buta, maimakon ka kwarara bokiti a ka, rabinsa ya zube ƙasa bai taɓa fata ba.

Ƙungiyoyin agaji na duniya sun ƙiyasta cewa mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke bukata a yini, don sha da girki da tsabta, lita 15 ne. Gida mai mutum goma yana bukatar lita 150, bido shida ke nan. To, maigidan da ke ɗaukar bokiti mai lita 15 sau uku a yini ya cinye rabon mutum uku shi kaɗai, sa'an nan a ce babu ruwan wanke fuskar yara. Wannan ba tsabta ba ce, zalunci ne da aka sa wa rigar tsabta.

Kuma ya kamata maza su ji wannan da kyau: a cikin Muhtasar na Shehu Halil, a babin ciyarwa, an lissafa ruwa a cikin abin da ke wajaba a kan miji tare da mai da itace da gishiri, masu sharhi kuma suka ce ya haɗa da ruwan shanta da na alwalarta da na wankanta da na wankin tufafinta. Matar da ke ɗebo ruwa kyautatawa take yi. Idan akwai mai garuwa a gari kuma kana da hali, kuɗinsa a kanka yake. Idan babu, jaki da amalanke da ƙarfin samarin gida su ne ya kamata su ɗauki wannan wahala, ba mace mai ciki ko mai goyo ba.

Fuska da hannu sun riga jiki

Idan ruwa ya yi ƙaranci ƙwarai, to a fara da abin da ya fi muhimmanci. Mu manya alwala tana wanke mana fuska da hannu sau da yawa a yini, amma yaron da bai kai munzalin salla ba babu mai wanke masa sai uwa ko uba. Kwantsa da majina a fuskar yaro su ke kiran ƙuda, ƙuda kuwa da yatsu da tsumma su ke ɗaukar ciwon idon nan da likitoci ke kira tarakoma daga wannan yaro zuwa wancan. Idan ya yi ta maimaituwa, bayan shekaru sai fatar ido ta nannaɗe ciki, gashin ido ya dinga gogar ƙwayar har mutum ya makance. Tun 1993 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wanke fuska a cikin ginshiƙai huɗu na yaƙi da wannan cuta, tare da aikin fiɗa da magani da tsabtar muhalli. Cikin moɗa ɗaya ya isa a wanke fuskar yaro safe da yamma.

Haka nan hannu. Ba mu manta da amai da gudawa na 2021 ba, wanda ya kama fiye da mutum 5,000 a ƙasar nan, jihar Tawa na cikin wuraren da ya taɓa, ya kuma sake leƙo mu a daminar 2024. Alwala ibada ce, amma ruwa zalla ba ya kawar da duk abin da ke maƙale a hannu bayan tsarki. A sa sabulu bayan fitowa daga makewayi, da bayan wanke wa jariri kashi, da kafin a taɓa abinci. In babu sabulu a sa toka. Kwanon nan ɗaya da mutum goma ke tsoma hannu a ciki kafin cin tuwo a wajen suna ko zaman makoki, na ƙarshe da dauɗar tara yake wanke hannunsa. A riƙa zuba wa juna da buta.

Wankan tabki

Tun daga 1984, aikin raya karkara na Keita, wanda ƙasar Italiya ta ɗauki nauyinsa tare da hukumar FAO, ya jera duwatsu a kan tuddai, ya dasa itatuwa, ya kuma gina madatsun ruwa, mafi yawan masu aikin kuwa iyayenmu mata ne, Allah Ya saka musu da alheri. Wannan ruwa da aka tsare ni'ima ce ga noman rani da dabbobi. Sai dai ruwan da ke tsaye, na madatsa ne ko na tabki, gidan dodon koɗi ne, a jikinsa kuwa tsutsar tsargiya ke girma. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga dodon koɗi, daga nan ƴan tsutsotsin su fito su huda fatar mai wanka. Yaro ya fara fitsarin jini, wasu iyaye kuma su ce alamar balaga ce. Ba balaga ba ce, cuta ce mai lalata mafitsara, kuma tana da magani, wanda tun 2004 aka fara raba shi ga ƴan makaranta a Nijar.

Dubi hikimar shari'a a nan. Annabi (S.A.W.) ya hana yin fitsari a cikin ruwan da ba ya gudu, ya kuma hana mai janaba ya shiga cikinsa ya yi wanka. Da aka tambayi Abu Huraira yadda za a yi, sai ya ce a kamfato a yi a waje. Masana lafiya sun ƙara da cewa idan aka ɗebi irin wannan ruwa aka ajiye shi kwana biyu, ko aka dafa shi, tsutsar tana mutuwa. Yaron da ke faɗawa tabki sau biyar a yini ya fi kowa yawan wanka a gari, amma bai fi kowa lafiya ba.

Ina kuma kira ga ƴan'uwana malaman makarantun allo. Almajirin da aka damƙa maka amana ne, kuma ƙazwa da ƙwarƙwata da makero ba su daga cikin sharuɗɗan neman ilimi. Ranar Alhamis da safiyar Juma'a babu karatu, to a mayar da su lokacin wanka da wanki da aski da yanke ƙumba, malam da kansa ya tsaya a kai. Muslim ya ruwaito daga Anas cewa an iyakance wa sahabbai kada su bar ƙumba da gashin baki da na hammata da na mara fiye da kwana 40. Ƙazwa kuwa idan ta riga ta shiga, wanka kaɗai ba ya fitar da ita, sai an je gidan likita an karɓo maganin shafawa, a yi wa duk masu kwana wuri ɗaya a lokaci guda, a wanke tufafi da ruwan zafi, a shanya tabarmi a rana.

Maijego da jariri da mai jin tsoron sanyi

Wankan jego na ruwa mai tafasa da ganye, safe da yamma har kwana 40, al'ada ce, ba ya cikin Alƙur'ani ba ya cikin hadisi. Abin da shari'a ta ɗora wa maijego wanka ɗaya ne idan jini ya yanke. A mazhabar Malik mafi tsawon jinin biƙi kwana 60 ne, mafi ƙarancinsa kuwa ba shi da iyaka. Wadda jininta ya ɗauke a kwana 15 ko 20 sai ta yi wanka ta kama salla, ba ta jiran arba'in, kuma sallolin da ta bari bayan ta tsarkaka bashi ne a kanta. Mata da yawa ba su san wannan ba, laifin kuwa na mazan da ba su koyar da su ba ne. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun lura da yawan ciwon zuciya ga matan da suka haihu, suka tuhumi yawan kunun kanwa da tsananin zafin da ake gasa su da shi. Binciken da ya biyo baya ya nuna akwai wasu dalilai kuma, kamar hawan jini da ƙarancin abinci mai gina jiki. Ko ma dai mene ne, ruwa mai ɗumi ya wadatar, kuma maijegon da ƙafafunta suka kumbura, ko take haki idan ta kwanta, a dakatar da wankan a kai ta likita ba tare da jinkiri ba. Shi kuwa jariri, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a goge shi, a lulluɓe shi a jikin uwarsa, a jinkirta wankansa na farko har awa 24, domin sanyi yana saurin kama shi.

Wanda janaba ta same shi a daren hunturu, ya ɗumama ruwa ya yi wanka a wurin da iska ba ta bugunsa, babu karhanci a cikin haka. Jin sanyi kaɗai ba uzuri ba ne. Amma idan ba shi da abin ɗumamawa, kuma ya ji tsoron ciwo zai kama shi, ko ya ƙaru, ko ya jinkirta warkewa, sai ya yi taimama ya yi salla a cikin lokacinta. Amru ɗan Asi (R.A.) ya yi haka a yaƙin Zatus Salasil, ya kuma ja mutane salla, da labari ya kai ga Annabi (S.A.W.) sai ya yi dariya bai ce masa komai ba. Abu Dawuda ya ruwaito kuma cewa wani mai rauni a ka ya tambayi abokan tafiyarsa ko yana da rangwame, suka ce babu, ya yi wanka ya mutu, Annabi (S.A.W.) ya yi fushi ya ɗora musu alhakin ransa saboda sun yi fatawa ba da sani ba. Haka nan wanda ɗan ruwan da ke hannunsa idan ya yi wanka da shi iyalinsa ko dabbarsa za su halaka da ƙishirwa, shi ma taimama ce tasa. Sai dai taimama ba ta ɗauke janaba, halatta salla kawai take yi, a kan sake ta ga kowace farilla, kuma da zarar uzuri ya gushe wanka ya dawo a kansa.

Allah ne Mafi sani. A fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda, za mu yi bayanin shafa a kan ɗauri da karan-ɗori. Wassalamu alaikum wa rahamatullah.